BABI NA UKU: ADANA FASALIN MANHAJOJIN MA'AIKATA A BABBAN RUMBUN BAYANAI, MISALI DAGA YANKIN YARGALMA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar rumbun bayanai da yadda ake zuba alƙaluma a cikinsa, a kuma ɗebo su idan buƙata ta taso. A wannan babi za a dubi wani amfani na rumbun wanda ba a cika kula da shi ba, wato ajiye fasalin manhajar ita kanta a wuri ɗaya, ta yadda duk manhajojin da ma'aikata ke aiki da su za su riƙa ɗaukar tsarinsu daga tushe guda. Za a kafa hujja da aikin kiwon lafiya a yammacin Jihar Zamfara, wato ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi, musamman annobar gubar dalma da ta bayyana a Yargalma da wasu ƙauyuka a shekarar 2010. An zaɓi wannan misali ne saboda aiki ne da hukumomi da dama suka taru a kansa, kowace da nata takardun, alhali yaran da ake ƙoƙarin ceto su ɗaya ne.

3.1 Ma'anar Fasali

Kalmar fasali a wannan nazari tana nufin bayanin da ya fayyace abubuwan da manhaja za ta riƙa ajiyewa, da dangantakar da ke tsakaninsu, da kuma ƙa'idojin da za a bi a kansu. Domin a fahimci wannan sosai, sai a dubi rajistar da ake ajiyewa a ɗakin shan magani na ƙauye. A saman kowane shafi akwai kanu: suna, shekaru, gari, ciwo, magani. A ƙarƙashinsu kuma ma'aikaci yana rubuta abin da ya shafi kowane majinyaci. To, abin da ake rubutawa kullum shi ne bayanai, su kuwa kanun da aka buga a sama, tare da umurnin yadda za a cike kowane gurbi, su ne fasali. Bayanai suna ƙaruwa kowace safiya. Fasali ba ya sauyawa sai jefi-jefi, amma ranar da ya sauya, ma'anar duk abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa ta sauya ke nan.

Bahaushe ya san wannan matsala tun kafin zuwan kwamfuta. Idan mudun da ake awo da shi a kasuwar Gummi ya fi na kasuwar Anka girma, wanda ya haɗa lissafin geron da aka sayar a kasuwannin biyu ya yi aikin banza, ko da kuwa bai yi kuskure a ƙidayarsa ba. Kuskuren yana cikin mudun. Fasali shi ne mudun manhaja.

Masana ilimin kwamfuta sun daɗe da lura da haka. Codd (1970) shi ne ya kawo tsarin ajiye bayanai a cikin jadawali masu alaƙa da juna, sa'annan Chen (1976) ya fito da hanyar zana abubuwa da dangantakarsu a takarda kafin a soma gina rumbu. A cikin ƙa'idoji goma sha biyu da Codd ya shimfiɗa a 1985, ta huɗu tana cewa bayanin tsarin rumbu shi ma a ajiye shi cikin rumbun, a irin jadawalin da ake ajiye sauran bayanai, domin a iya bincikarsa kamar yadda ake bincikar komai. Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin abin da wannan babi ke magana a kai.

3.2 Taƙaitaccen Tarihi

Yunƙurin tara fasalin manhajojin kamfani gaba ɗaya a rumbu guda bai fara da nasara ba. A 1989 kamfanin IBM ya sanar da wani shiri mai suna AD/Cycle, wanda a tsakiyarsa akwai babban rumbu da aka yi nufin duk kayan aikin masu tsara manhaja su riƙa zuba zane-zanensu a ciki. Shirin ya yi nauyi, bai karɓu ba, cikin 'yan shekaru aka yi watsi da shi. Daga baya ƙungiyar OMG ta amince da UML a 1997 a matsayin hanyar bai-ɗaya ta zana fasali, a 2001 kuma ta gabatar da manufar cewa fasali ne ya kamata ya zama tushe, a riƙa samar da manhaja daga gare shi. Abin lura a nan shi ne, ra'ayin bai mutu da mutuwar shirin farko ba. Ya dawo ne ta wata ƙofa, a cikin manhajojin da ke karanta tsarinsu kai tsaye daga rumbu a duk lokacin da aka buɗe su.

3.3 Abin da Annobar Yargalma ta Nuna

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Yaran suna amai da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau kuwa ba ya yi musu aiki. Gwajin jini ya tabbatar da cewa gubar dalma ce, wadda ta samo asali daga niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, inda ƙurar ke sauka a tsakar gida, yara su rarrafa a kai, su kai hannu baki. A watan Mayu masu bincike daga cibiyar CDC ta Amurka tare da jami'an lafiya na Nijeriya suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, Yargalma da Dareta. Dooyema da wasu (2012) sun ruwaito cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda kafin binciken, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Daga cikin waɗanda aka gwada jininsu kuma, kashi 97 cikin ɗari suna da dalmar da ta kai maikrogiram 45 a kowace desilita ko ta wuce, wato matakin da ake soma ba da maganin fitar da ita. An ƙiyasta cewa yaran da annobar ta kashe a jihar sun kai 400.

Ba tarihin annobar ne manufar wannan babi ba. Abin da ya shafe mu shi ne irin bayanan da aikin ceton ya buƙata, domin a nan ne za a ga abin da ake nufi da fasali a aikace.

Aikin ya kasu gida biyu. Likitoci suna ba yara maganin DMSA, wanda ke kama dalmar da ke jiki ya fitar da ita ta fitsari, kuma an buɗe wuraren jinya a asibitocin Bukkuyum da Anka. A ɗaya ɓangaren kuwa kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith tare da Ma'aikatar Muhalli ta jihar suna kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, su zuba mai tsabta. An fara da Yargalma da Dareta a tsakiyar 2010, aka bi da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza, Bagega kuwa sai a 2013 aka samu yin nata. Tirima da wasu (2016) sun ce an kwashe ƙasa da sharar ma'adinai fiye da mita 27,000 na awon cikin rami daga wurare 820 a ƙauyuka takwas. Ayyukan nan biyu ba su rabuwa, saboda yaron da aka yi wa magani aka mayar da shi gidan da ba a kankare ba, zai sake kwasar gubar ne kawai. Ke nan likita ba zai yanke shawara a kan yaro ba sai ya san halin da gidansu ke ciki, wannan labari kuwa yana hannun masu awon ƙasa.

A nan tambaya ta farko ta fasali ta taso: mene ne gida? A ƙauyen Hausa gida ɗaya yana iya ƙunsar magidanta huɗu ko biyar, kowa da sashensa da tukunyarsa, ƙofar shiga dai ɗaya. Mai awon ƙasa yana kallon katanga, domin ƙurar ba ta san sashen wane da wane ba. Mai rajistar yara kuwa yana iya tambayar sunan uba, ya ɗauki kowane magidanci a matsayin gida. Idan kowane ɓangare ya gina manhajarsa bisa fahimtarsa, lambar gida a wannan rumbu ba za ta dace da lambar gida a wancan ba, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ga kuma al'adar goyon ciki da yaye, inda yaro ke komawa wurin kakarsa na wasu watanni, wani lokaci a wani gari dabam, kamar a ce daga ƙasar Bukkuyum zuwa Gummi. Fasalin da ya ce yaro ɗaya gida ɗaya, ba tare da gurbin kwanan wata ba, ya kasa ɗaukar rayuwar mutanen da aka yi shi dominsu.

Tambaya ta biyu ta shafi magani. Thurtle da wasu (2014) sun nazarci zangon magani 3,180 da aka ba yara 1,156 tsakanin 2010 da 2011, wasu yaran zango ɗaya, wasu har goma sha biyar. Wannan ya nuna cewa yaro abu ne dabam, zangon magani abu ne dabam, kuma yaro ɗaya yana da zanguna da yawa, kowane zango da gwajin jininsa na farko da na ƙarshe. Wanda ya tsara rajistarsa layi ɗaya ga kowane yaro zai rasa inda zai rubuta zango na biyu. Wanda kuma ya tsara ta layi ɗaya ga kowane zango, ba tare da lambar da ke bin yaron ba, zai wayi gari yana ƙirga yara dubu uku alhali ba su kai rabin haka ba. A yankin da yara da dama ke amsa suna ɗaya, kuma ba kowa ke da takardar haihuwa ba, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Tambaya ta uku ita ce ta awo, kuma a ganin mai wannan bincike ita ce ta fi ban sha'awa. Na'urar hannu ta LeadCare II da ake gwada jini da ita a filin aiki ba ta karanta abin da ya wuce 65, sai dai ta nuna cewa ya yi sama. Yara da yawa a ƙauyukan nan nasu ya zarce haka nesa, har sai da aka riƙa sirka jinin kafin a gwada, sa'annan a ninka sakamakon. Saboda haka lamba 65 a cikin rumbu tana iya nufin 65 daidai, tana kuma iya nufin na'ura ta kai iyakarta. Haka nan jinin da aka ɗiba daga jijiya da wanda aka ɗiba daga yatsa ba matsayinsu ɗaya ba, domin ƙurar da ke kan fata tana iya ƙara wa na yatsa yawa. Idan fasali bai tanadi gurbin yadda aka yi gwajin ba, bayan shekara biyar babu mai iya rarrabewa. Daɗin daɗawa, ita kanta iyakar da ake cewa yaro ya shiga damuwa ta sauya: a 2010 CDC tana amfani da 10, a 2012 ta koma 5, a 2021 ta sauko zuwa 3.5. Idan an rubuta wannan lamba a cikin jikin manhajoji biyar dabam-dabam, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an gyara, kuma da wuya a ce ba a manta da ɗaya ba. Idan kuwa tana ajiye a babban rumbu tare da ranar da ta fara aiki, gyara ɗaya ya wadatar, kuma tsohon rahoto yana nan da tsohon mudunsa.

3.4 Yadda Babban Rumbu ke Aiki: Misalin DHIS2

Manhajar da ta fi dacewa a yi misali da ita a Nijeriya ita ce DHIS2, wadda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke tattara rahotannin wata-wata na cibiyoyin lafiya da ita. Asalinta daga Afirka ta Kudu ne a shekarun 1990, inda aka gina ta farko a kan Microsoft Access. Sabuwar, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ginawa, an fara amfani da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, yanzu kuma ƙasashe fiye da 70 suna aiki da ita. Ya kamata a faɗa a sarari cewa ba ana cewa da ita aka gudanar da aikin dalma na 2010 ba. An kawo ta ne domin gininta ya bi ƙa'idar da ake bayani.

A cikin DHIS2 fom ba a jikin manhaja yake ba. Kowace tambaya da ke kan fom, da kowane ma'auni da ake lissafawa, da jerin cibiyoyin lafiya, duk an ajiye su ne a cikin rumbun PostgreSQL da ke kan babbar kwamfuta, kowane da lambarsa ta musamman mai haruffa goma sha ɗaya. Kowane adadi da aka shigar dole ya amsa tambayoyi uku: mene ne aka ƙirga, a ina, kuma yaushe. Idan jami'in ƙididdiga na ƙaramar hukumar Bukkuyum ya buɗe manhajar, sai ta karanto fasalin daga rumbu ta gina masa fom ɗin nan take, kuma shi ne dai wanda takwaransa na Gummi zai gani. Idan aka ƙara tambaya a tsakiya, ba sai an bi ofis-ofis da faifai ana sabunta kwamfutoci ba.

Jerin wurare kuwa an tsara shi kamar bishiya: tarayya, jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, sa'annan cibiyar lafiya. Amfanin ajiye wannan a wuri ɗaya a bayyane yake ga duk wanda ya san yankin. Sunan garin da ake magana a kai ana rubuta shi Yargalma, ana rubuta shi 'Yar Galma, haka Bukkuyum wasu takardun suna rubuta ta da k ɗaya. Mutum ya san gari ɗaya ake nufi, kwamfuta ba ta sani ba, sai ta raba yaran gari ɗaya gida biyu. Lamba ta musamman ita ke maganin wannan, domin ko an sauya rubutun suna, lambar tana nan. Har ila yau bishiyar kanta tana sauyawa. Kafin 1 ga Oktoba 1996 wannan yanki a cikin Jihar Sakkwato yake, yau kuwa yana cikin Zamfara mai ƙananan hukumomi 14. Duk mai son kwatanta alƙaluman kafin wannan rana da na bayanta yana buƙatar rumbun da ya san tsohon tsari da sabo. Shi ya sa ake rubuta wa kowace cibiya ranar buɗewa, da ranar rufewa idan an rufe ta, maimakon a goge ta.

Akwai kuma sashen manhajar da ke bin mutum ɗaya-ɗaya, wanda ke ba da damar a ayyana mataki mai maimaituwa da ƙa'idar da za ta yi gargaɗi idan sakamako ya wuce wata iyaka. Da irin wannan sashe ne za a iya ayyana yaro, da zangunan maganinsa, da iyakar 45, ba tare da an rubuta sabuwar manhaja ba.

3.5 Matsaloli

Duk da haka, tara komai a wuri ɗaya yana da nasa tsadar. Ta farko ita ce dogaro da hanyar sadarwa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni a haka. Manhajar wayar hannu ta DHIS2 tana iya riƙe kwafin fasali ta ci gaba da karɓar bayanai ba intanet, ta aika daga baya. Amma idan aka sauya fasali a tsakiya a cikin wannan lokaci, mai aiki a Anka yana cike tsohon fom ne bai sani ba. Saboda haka wajibi ne kowane sauyi ya kasance da lambar bugu, rumbun kuma ya san da wane bugu aka cike kowane rahoto.

Matsala ta biyu ita ce takarda ba ta tafiya da saurin kwamfuta. An sake fasalin fom-fom na tsarin bayanan lafiya na ƙasa a 2013, aka kuma sakewa a 2019. Sauya su a rumbu aiki ne na ɗan lokaci, amma buga sababbin rajistoci da kai su kowane ƙauye da koya wa ma'aikata aiki ne na watanni. A wata cibiya da mai wannan bincike ya ziyarta, ya tarar da ma'aikaci yana ja wa tsohuwar rajista ƙarin layuka da biro da rula, domin ta dace da abin da ake nema daga gare shi a ƙarshen wata. Ba laifinsa ba ne, ƙoƙari ma ya yi, sai dai fasalin da ya ƙirƙira a gefen shafi babu wanda ya san da shi sai shi.

Ta uku, wadda ta fi sauran wuyar warwarewa, ita ce wa ke riƙe da makulli. Idan kowa yana da ikon sauya fasali, cikin shekara guda rumbun zai cika da tambayoyi masu kama da juna, a koma gidan jiya. Idan kuwa sai Abuja kaɗai, to buƙatar da ta keɓanta da yanki ɗaya za ta daɗe tana jiran layi. Fom na ƙasa ana tsara shi ne domin abin da ya game ko'ina, kamar zazzaɓin cizon sauro da rigakafi da awon ciki, alhali gubar dalma ta 2010 ta taru ne a ƙauyuka ƙalilan, kuma yaran ba su da lokacin jiran zaman kwamiti. Ra'ayin mai wannan bincike shi ne a raba ikon hawa-hawa: jerin wurare da ma'anar kalmomin da kowa ke amfani da su, irin su yaro da gida da cibiya, su kasance a hannun tsakiya, jiha kuma a ba ta damar ƙara nata shirin a kan wannan tushe, muddin ta yi amfani da lambobin da aka riga aka yarda da su.

A 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin Jihar Zamfara bayan fiye da shekara goma. Dalma tana zama a cikin ƙashi shekaru masu yawa, tana kuma iya komawa cikin jini lokacin da mace ke da ciki ko shayarwa. 'Yan matan da aka yi wa magani a Yargalma suna rarrafe a 2010 yanzu sun kai shekarun aure. Ungozomar da za ta karɓi ɗaya daga cikinsu a awon ciki a Bukkuyum ko Gummi tana buƙatar sanin sakamakon gwajinta na wancan lokaci, da ko jinin jijiya ne ko na yatsa, da ko 65 ɗin da aka rubuta iyakar na'ura ce. Waɗannan bayanai za su amfane ta ne kawai idan an miƙa alƙaluman tare da fasalin da aka rubuta su a kansa.